Toka a Goshi, Fensir a Hannu

Yau za mu yi nisa da gida. Za mu tsallaka teku zuwa Amurka, jihar Fensilbaniya, mu leƙa makarantun firamare na ɗariƙar Katolika a cikin watan Maris, lokacin da sanyin hunturu ya fara sassautawa, ƙanƙara na narkewa a bakin titi, malamai kuwa sun fi jin jiki fiye da kowane lokaci a shekara. Abubuwa biyu masu nauyi ne ke faɗo wa makarantar a tare: azumin Kiristoci na kwana 40 da ake kira Lent, da babbar jarrabawar shekara wadda ake auna yaran da ita a kan sa'o'insu na faɗin ƙasar. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Su dai waɗannan makarantu kusan duk shekara sai sun tauna, kuma yadda suke taunawar ne nake so mu duba.

Ranar fara Lent ba tsayayya ba ce, kuma mu da muka saba da duban wata ba za mu sha wahalar gane dalili ba. Bikin Ista, wanda Kiristoci ke tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu bisa imaninsu, yana faɗowa ne a Lahadin farko bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris. Yana iya zuwa tun 22 ga Maris, yana iya jinkiri har 25 ga Afrilu. A 2024 ya zo ranar 31 ga Maris, a 2025 kuwa sai 20 ga Afrilu. Daga Ista ake ƙirgawa baya kwana 46 a sami Larabar Toka, ranar farko ta azumin. Ba a sa ranakun Lahadi 6 da ke tsakani a lissafi, shi ya sa ya zama 40, adadin kwanakin da Linjila ta ce Yesu ya yi yana azumi a jeji. Ita kuwa jarrabawa babu ruwanta da wata. Ofishin ilimi na dayosis, wato yankin da bishop ɗaya ke jagoranta, shi ke ware mata makonni a Maris ko Afrilu. Yawanci sai sun haɗu.

Bari mu tsaya a ƙofar makarantar da safiyar Larabar Toka. Yawancin irin waɗannan makarantu a jikin cocin unguwa suke, fili ɗaya ne ya raba su. Ana fito da yara aji-aji, a jere, cikin kayan makaranta. A makarantu da yawa akan haɗa kowane ɗan aji 8 da ƙaramin yaro ɗan shekara 5 ko 6, ya riƙe masa hannu, ya zauna kusa da shi, ya nuna masa lokacin tsayuwa da lokacin durƙusawa. Fada, limamin cocin, yana sanye da riga ruwan shuni mai ja-ja, launin tuba a wajensu, kuma shi za a riƙa gani a cocin tsawon makonnin azumin. A hannunsa akwai ɗan kwano na toka, wadda aka samu daga ƙona ganyen dabinon da aka yi bikin Lahadin Dabino da shi bara. Yaro ya matso, Fada ya tsoma babban yatsa, ya zana masa gicciye a goshi, ya tuna masa cewa daga turɓaya aka yi shi kuma can zai koma.

Da an dawo aji, ƙananan sai kallon goshin juna: wa nasa ya fi baƙi, wa nasa ya karkace, wa ya goge nasa da hannun riga bai sani ba. Yara ne. Amma ku dubi abin da ya faru. An gaya wa ɗan shekara 6, a gaban abokansa, cewa shi ma mai mutuwa ne. Mu nan yaro yana tasowa yana ganin makara na wucewa ta ƙofar gida, ana tsayawa ana addu'a. Can kuwa yaro kan iya girma bai taɓa ganin gawa ba, domin mutuwa ta koma asibiti da gidajen shirya jana'iza. Ni ban ga rashin tausayi a wannan toka ba. Kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, tokar da aka shafa wa yaron da ke zuwa na ɗaya ita aka shafa wa na ƙarshe, ita aka shafa wa shugabar makaranta da mai shara. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi in mun zo kan jarrabawa.

Wanda ya saba da azumin Ramadan zai ga na Katolika na yau da sauƙi. Tun bayan gyaran da Paparoma Paul na 6 ya yi a 1966, kwana biyu ne kawai azumi ya zama wajibi: Larabar Toka da Jumma'ar da ake tunawa da gicciye Yesu. A Amurka ya hau kan masu shekara 18 zuwa 59, kuma ma'anarsa cin cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda in an haɗa bai kai cikakken ci ba. Ruwa ba a hana ba. Sai kuma barin nama kowace Jumma'a ta Lent, wanda ya hau kan mai shekara 14 zuwa sama. Kun ga ke nan kusan duk yaran firamare doka ba ta kama su ba. Sai dai dokar cocin ta ɗora wa iyaye da limamai nauyin koya wa ƙanana ma'anar tuba tun kafin su kai shekarun, kuma nan makaranta ta shigo.

Tambayar da ke yawo a filin wasa a makon farko ita ce: kai me ka bari a Lent? Wannan ya bar cakulan, wancan ya bar wasan bidiyo, waccan ta bar lemon kwalba. Akwai manya da ke yi wa abin dariya, su ce barin alewa ai ba ibada ba ce. Ban yarda da su ba. Duk gidan da aka taɓa lallaɓa yaro ya yi rabin azumi, ya kai azahar yana lasar leɓe, an san abin da ake ginawa. Karo na farko ke nan da yaro zai ce wa ransa a'a alhali babu mai ganinsa. Alewar tana cikin jaka, uwa ba ta nan, malama ta juya baya. Malamai masu hangen nesa kan tura yaran gaba da haka, su ce ban da abin da ka bari, me ka ƙara? Zauna da yaron nan da kullum ke cin abinci shi kaɗai. Bar tsokanar ƙanwarka har Ista. Domin ginshiƙan Lent uku ne a koyarwarsu: addu'a, azumi da sadaka.

Ranar Jumma'a ɗakin cin abincin makaranta ba ya dafa nama ga kowa, babba da yaro. Sai kifi soyayye, ko burodi da cuku, ko taliya. Da yamma kuma, a garuruwa irin su Pittsburgh, zauren cocin kan koma gidan abinci: iyaye maza na suyar kifi a baya, iyaye mata na karɓar kuɗi, ’yan aji 8 na kai faranti suna share tebur, kuma a coci-coci da yawa ribar makaranta take tallafawa. Al'adar ta yi ƙarfin da har ta taɓa kasuwa. A 1962 wani mai shagon McDonald's a Cincinnati, Lou Groen, ya ga ciniki na mutuwa kowace Jumma'a saboda unguwarsa ta ’yan Katolika ce, sai ya ƙirƙiro burodi da kifi, Filet-O-Fish, wanda har yau ake sayarwa.

Amma abin da ya sa na zaɓi Fensilbaniya wani ɗan akwatin kwali ne. A farkon Lent ana raba wa kowane yaro falle ɗaya na kwali, ya naɗe shi da hannunsa ya zama asusu mai ’yar ƙofa a sama. Suna kiransa kwanon shinkafa. Ana ajiye shi a teburin cin abinci na gida, ko a kan teburin malama. Kuɗin alewar da aka bari, da rarar da aka samu ranar da aka ci abinci mara nama, nan ake jefa su. In Lent ya ƙare a kawo a zazzage a ƙirga. Kashi 75 cikin 100 na tafiya ga ayyukan hukumar agajin Katolika ta Amurka, CRS, a ƙasashen waje, kashi 25 kuma ya tsaya a dayosis don ciyar da mayunwatan gida.

To ina wannan asusu ya samo asali? A dayosis ɗin Allentown, cikin wannan jiha, a 1975. Kuma abin da ya tayar da shi yunwar Sahel ce, wato tamu. Dattawan Damagaram da Tawa da Daura da Gumel ba sa buƙatar a ba su labarin farin da ya kai maƙura a 1973: shanu sun zube a hanya, rijiyoyi sun ƙafe, makiyaya sun taru a sansanin Lazaret a gefen Yamai suna jiran tsaba. Farin nan yana cikin abubuwan da suka kai ga kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974, lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Labarin ya isa wani gari mai masana'antu a Amurka, wani limami mai suna Robert Coll da abokan aikinsa suka ce a rage ci, a tara rarar. Ba a daɗe ba abin ya bazu ƙasar baki ɗaya. Yau shekara 50 da ɗoriya ke nan, yarinyar da ba ta san inda Nijar take a taswira ba tana jefa kwabbanta a asusun da aka fara saboda kakanninmu. Ina da ƙorafi ɗaya, kuma zan faɗe shi: akwai haɗarin yaro ya tashi bai san Afirka da komai ba sai yunwa. Malamar da ta san aikinta za ta nuna masa manomin da ke haƙa rijiya da matar da ke sana'a, ba mai miƙa hannu kaɗai ba. Amma ƙorafin bai hana ni ganin alherin ba.

Sauran al'adun zan wuce su da sauri. Kowace Jumma'a da rana ana bin Hanyar Gicciye, zango 14 da aka zana a bangon coci, kuma dab da Ista ’yan aji 8 kan yi ta a matsayin wasan kwaikwayo, ƙanana na kallo shiru. Kalmar yabo ta Halleluya ba a rera ta a coci duk tsawon azumin, har wasu azuzuwa kan rubuta ta a takarda su ɓoye a akwati sai ranar Ista. ’Yan aji 2 kuwa, masu shekara 7 zuwa 8, suna shirin furta zunubansu ga Fada a karo na farko, da karɓar Jibin Ubangiji bayan Ista, bisa hukuncin Paparoma Pius na 10 na 1910 da ya saukar da shekarun zuwa wajen 7.

Ana cikin wannan ne takarda za ta iso gida daga ofishin shugabar makaranta: mako mai zuwa jarrabawa, a kwantar da yara da wuri, a ba su karin kumallo mai kyau, kada a sa ganin likita a waɗannan ranaku. Wani abin takaici, a Lahadi ta biyu ta Maris ne Amurka ke tura agogo gaba da awa ɗaya, don haka yara kan shiga makon da bashin barci.

Ranar jarrabawa ajin kan sauya kama. An rufe jadawalin lissafi da ke bango da farar takarda. An raba tebura. An manna sanarwa a ƙofa cewa kada a shigo. In ta takarda ce, kowa na da fensir biyu feƙaƙƙu da takardar amsa mai ’yan da'irori da ake cikewa. Malama na karanta umarni kalma da kalma kamar yadda aka rubuto, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Sai ga yaron da tun watan Satumba in ya ɗaga hannu take zuwa ta durƙusa kusa da shi, yau ya ɗaga, ta zo, ya nuna mata kalmar da bai gane ba, ita kuwa abin da za ta iya ce masa kawai shi ne ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta san kalmar. Ta san da ta faɗa masa zai ci tambayar. Ta haɗiye, ta wuce. Wannan ma wani azumi ne, kuma na malama ne.

Jarrabawar iri-iri ce, kowane dayosis da zaɓinsa. Akwai ta Iowa, wadda ta fito daga Jami'ar Iowa a 1935 ƙarƙashin E. F. Lindquist, mutumin da daga baya ya ƙera na'urar da ke duba takardun amsa dubbai ba tare da malami ya taɓa jan biro ba. Akwai TerraNova. Akwai MAP da ake yi a kwamfuta, wadda in yaro ya ci tambaya sai ta ƙara masa mai wuya, in ya faɗi ta sauko masa, har ta gano inda ƙarfinsa ya tsaya. Sakamakon ba ya cewa ka ci ko ka faɗi. Yana cewa ne, a cikin yara 100 sa'o'inka a ƙasar nan, ka wuce 80, ko ka wuce 20. Har addinin ma bai tsira ba: ƙungiyar makarantun Katolika ta ƙasar tana da jarrabawar sanin addini da ake kira ACRE, wadda makarantu da yawa ke ba ’yan aji 5 da aji 8. Za ta iya gano ko yaro ya san sakramenti 7 na cocinsa. Ba za ta iya gano ko ya jefa kuɗin alewarsa a asusun kwali ba.

Wani zai tambaya, wa ya tilasta musu? Dokar tarayya da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002, wadda ta wajabta jarraba yara kowace shekara daga aji 3 zuwa 8, makarantun gwamnati ta kama. Na Katolika su suka ɗora wa kansu, sai fa a jihohi irin su Indiyana inda makarantar da ke karɓar yara da tallafin kuɗin gwamnati dole ta yi jarrabawar jiha. Amsar tana cikin tarihi da aljihu.

Waɗannan makarantu tsoro da rauni ne suka haife su. A Filadelfiya, Bishop Francis Kenrick ya nemi a bar yaran Katolika su karanta fassarar Littafi Mai Tsarki ta ɗariƙarsu a makarantun gwamnati. Maganar ta rura wuta, a 1844 aka yi tarzoma, aka kashe mutane, aka ƙona coci biyu. Wanda ya gaje shi a 1852, John Neumann, ya duƙufa gina makaranta a jikin coci bayan coci. A 1884 bishop-bishop na ƙasar suka taru a Baltimore suka umarci kowane cocin unguwa ya buɗe makaranta. A 1925 Kotun Ƙoli ta soke wata dokar jihar Oregon da ta so tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati. Zuwa shekarun 1960 yara sama da miliyan 5 ne ke cikin makarantun Katolika, kuma sistoci ne ke koyarwa, matan da suka sallama aure da dukiya, ana ba su abin da bai taka kara ya karya ba.

Yau sistocin sun yi ƙaranci ƙwarai. Fiye da kashi 90 cikin 100 na malaman mutane ne masu iyali da haya da bashi, dole a biya su albashi, dole kuɗin makaranta ya tashi. Ɗaliban sun ragu zuwa wajen miliyan 1.7. A Janairun 2012 wani kwamiti a Filadelfiya ya ba da shawarar rufe ko haɗe makarantu fiye da 40 a lokaci guda. Wasu sun tsira bayan iyaye sun tashi tsaye, da yawa ba su tsira ba. To shugabar makarantar da ta ga maƙwabciyarta an garƙame ta, ga makarantar kyauta a ƙarshen layi, me za ta nuna wa uban da zai biya dubban daloli? Sakamakon jarrabawa. Shi ne tallarta, shi ne hujjarta a gaban bishop. Kada mu yi saurin zarginta.

Kuma sakamakon yakan yi kyau. A jarrabawar ƙasa ta NAEP, matsakaicin makin yaran Katolika a karatu da lissafi ya daɗe yana sama da na makarantun gwamnati. Sai dai a yi hattara. Mudun mai awo yana gaya maka yawan hatsin da ke buhu, ba ya gaya maka gonar wa ta samu ruwa. Yaron da iyayensa suka iya biya, suka zauna suka zaɓa masa makaranta, ya riga ya zo da guzuri daga gida. Masanin nan James Coleman da abokansa sun nuna a 1982 cewa sakandaren Katolika na taimakon ’ya'yan talakawa sosai, amma a matakin firamare wasu masu bincike sun ga cewa in aka cire tasirin gida, ratar takan ragu ƙwarai.

Duk da haka ni ba na cikin masu cewa a jefar da jarrabawa. Ga dalilina. A ƙaramar makaranta inda kowa ya san kowa, inda malama ta koyar da yayyenka kuma tana zama kusa da mahaifiyarka a coci, soyayya kan rufe ido. Akwai yarinya mai ladabi a aji 3, ba ta faɗa, ba ta makara, rubutunta tsaf, kowa na sonta, amma ba ta iya karatu ba. Haddace shafin take daga bakin ƙawarta. Kunya da kirki sun ɓoye ta shekara uku. Na'urar da ba ta san sunan mahaifinta ba ita ce za ta tona, kuma tonon nan rahama ne in an yi shi da wuri. Ibada ba ta maye gurbin iya karatu, kuma makarantar da ta karɓi kuɗin talaka ta sallami ɗansa da addu'a kawai ta ci amana.

Inda nake jin tsoro shi ne ranar da jarrabawa ta tashi daga ma'auni ta zama uwar gida. Alamunta sananne ne. A soke waƙa da zane na wata guda don bitar tsofaffin tambayoyi. A gajarta Hanyar Gicciye saboda akwai atisaye. Mafi muni, a fara kallon yaro mai rauni a matsayin wanda zai ja makin makaranta ƙasa, a lallaɓa a gaya wa iyayensa cewa wata makarantar za ta fi dacewa da shi. Duk makarantar da ta yi haka ta manta Katharine Drexel, ’yar attajirin Filadelfiya da ta kafa ƙungiyar sistoci a 1891 ta ƙarar da gadonta kan makarantun baƙaƙen fata da ’yan asalin ƙasar, yaran da ba mai so a lokacin.

Nan tokar nan ta dawo. A cikin wata guda makaranta na gaya wa yaro magana biyu. Jarrabawa na cewa ga matsayinka a cikin sa'o'inka, wane ya fi ka, ka fi wane. Toka na cewa dukanku ɗaya ne, kuma darajarka ba a nan take ba. Duka biyun gaskiya ne, yaro kuma yana buƙatar jin duka. Amma wanda aka fara tabbatar masa da ta biyun zai iya ɗaukar ta farkon ba tare da ya karye ba, in makinsa ya yi ƙasa, ko ya kumbura, in ya yi sama. A ganina wannan ne babban abin da waɗannan makarantu ke da shi, in sun riƙe shi, kuma ba ya fitowa a takardar sakamako.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Jarrabawar zango na biyu a Nijeriya kusan kullum cikin Lent take faɗowa, kuma makarantun mishan irin na sistocin St. Louis, waɗanda suka iso Kano a 1948, sun daɗe suna koyar da ’ya'yan Kirista da na Musulmi a aji ɗaya, haka ma makarantun Katolika na Yamai da Maraɗi. A 2025 Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta zo 5 ga Maris, ’yan aji ɗaya na azumi biyu. A shekarar ce jihohin Bauchi, Katsina, Kebbi da Kano suka tsara hutun makarantu ya faɗa cikin watan azumi, ƙungiyar Kiristoci ta CAN da bishop-bishop na Katolika suka nuna rashin amincewa, aka yi ta musayar magana. Ba zan kwatanta barin nama a sanyin Fensilbaniya da yini babu ruwa a zafin Maris na Birnin Kebbi ba, wanda ya kwatanta bai yi adalci ba. Amma ɗan firamare, a addinan biyu, yawanci azumi bai wajaba a kansa ba tukuna, koyo yake. Kuma yankin da ya fi ko'ina a Nijeriya yawan yaran da ba sa zuwa makaranta ba shi da makonnin zubarwa. Ana iya shiga aji da sassafe a tashi kafin rana ta take, a sa jarrabawa a sa'o'in farko, a bar sadaka da ciyarwa su shigo cikin darasi, yadda asusun kwalin can ya shiga.

Can Fensilbaniya, makarantu kan rufe daga Alhamis ko Jumma'ar makon ƙarshe, a yi Ista, a dawo. Sakamakon jarrabawar kwamfuta kan fito nan da nan, na takarda kuwa sai bayan makonni, wani lokaci dab da hutun watan Yuni, lokacin da malamar da ta san yaron ke shirin miƙa shi ga wata. A nan ne aikin yake lalacewa ko ya yi amfani. In takardar ta tafi gida cikin ambulan aka jefa a durowa, to an wahalar da yara a banza. Kamata ya yi malamar bana ta zauna da ta baɗi da takardar a gabansu, yaro bayan yaro, a kira iyayen wanda aka gano yana da giɓi kafin a tafi hutu, a gaya musu a fili wane sashe na karatu ko lissafi ne ya gagare shi, da wanda zai zauna da shi a kai, da ranar da za a fara.